Darasi na 9: Ruwan Farko da Ruwan Shuka

Bazara ta yi nisa. Rana tana dukan ƙasa tun da hantsi, dare kuma ba ya kwantuwa a ɗaki. A nan Zariya ruwan kogin Galma da na Kubanni ya ja baya, lambunan bakin rafi sun fara tashi, kayan miya sun yi tsada a kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada. Duk mai ɗan fili a bayan ɗaki ko a gefen rijiya ya ƙosa ya ga kuɓewa da rama da alayyafo sun tsiro. Da yamma sai ka ga mutane suna ɗaga kai suna duban gabas. Wannan darasi na mai jiran nan ne.

Karanta wannan layi da ƙarfi, sannan ka rubuta shi a littafinka:

Ruwan farko ba shi ne ruwan shuka ba.

Ni da nake rubuta muku wannan darasi na taɓa yin asarar iri a kan haka. Wata shekara, cikin watan Afrilu, aka yi ruwa da dare. Gari ya waye da ƙanshin ƙasa. Na ɗauko irin kuɓewar da mahaifiyata ta adana mini a cikin gora da toka, na shuka shi duka, ban bar ko ƙwaya ɗaya ba. Cikin mako ya tsiro, ganye bibbiyu, gwanin sha'awa. Daga nan sama ta ɗauke. Mako biyu babu ko yayyafi. Tsiron ya yi yaushi, ya kwanta, ya bushe.

Wani dattijo maƙwabcinmu ya leƙo ta kan danga ya tarar da ni a tsugune.

"Sannu da aiki, ɗana."

"Yawwa Baba, ina kwana?"

"Lafiya lau. Ran da ka yi shukar nan, ka tona ƙasa ka duba?"

"A'a Baba. Na ga dai ta jiƙe."

"Ni na tona tawa a ranar. Laimar ba ta wuce gaɓa biyu ta yatsa ba. Ƙarƙashinta gari ne busasshe. Ruwan kashe ƙura aka yi, ba na shuka ba."

Ga abin da yake faruwa a cikin ƙasa. Busasshen iri yana iya zama watanni bai lalace ba, barci yake yi. Da zarar ya sha ruwa ya farka, ba ya komawa barci. Zai fitar da saiwa, saiwar ta nufi ƙasa neman laima. Idan ta tarar da busasshiyar ƙasa, ga kuma zafin Afrilu da yakan kai digiri 35 har ya wuce, to tsiron ba shi da wurin gudu. Masu gero a can arewa sukan yi binne, wato su shuka a busasshiyar ƙasa su jira ruwa, don irin gero yana da yawa a rumbu. Irin kayan miya kuwa ɗan kaɗan ne a ƙullin leda, kuma da kuɗi aka saye shi.

Yadda daminar Zariya take

A yawancin shekaru ruwa yakan fara leƙowa a Afrilu ko farkon Mayu, yana yi yana ɗaukewa. Ba ya zama sosai sai wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni. Ya fi ƙarfi a Agusta, ya ɗauke a farkon Oktoba. Abin da yake sauka a shekara yakan kai wajen milimita 1,000. An daɗe ana auna ruwan ƙasar nan, domin tun 1922 aka kafa tashar binciken aikin gona a Samaru, wadda ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Yanzu yi lissafi. Daga Yuni zuwa Satumba wata huɗu ne cur. Kuɓewa takan fara ba da 'ya'ya cikin wata biyu. Alayyafo wata ɗaya ya ishe shi. Ashe wanda ya jira har ruwa ya zauna bai makara ba, zai ma iya shuka alayyafo sau biyu ko uku kafin kaka.

Manya suna da alamunsu. Shamuwa takan dawo ta yi sheƙa a manyan itatuwan gari. Gawo yakan fara zubar da ganye a lokacin da sauran itatuwa suke toho. Iska takan juyo daga kudu da ɗan danshi. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, ita ma takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ana kuma faɗinsa a rediyo. Duk waɗannan ka saurare su. Amma labarin zuwan ruwa suke ba ka. Labarin ƙasar bayan ɗakinka sai ka tona da kanka.

Awo iri biyu

Na farko da hannu ne. Kashegarin ruwa, ɗauki fartanya ka tona rami a inda za ka yi shuka, ba a bakin indararo ba. Idan laima ta kai zurfin taƙi ɗaya, wato daga babban yatsa zuwa na tsakiya in ka buɗe hannu, ƙasa ta sha. Damƙi ƙasar gindin ramin. In ta dunƙule a tafinka, madalla. In ta zube kamar gari, mai da fartanya ɗaki.

Na biyu da gwangwani ne. Nemi wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, ka cire murfin duka. Ɗora shi a kan bulo a tsakar gida, nesa da bishiya da rufin ɗaki. Bayan kowane ruwa, tsoma rular ɗan makaranta ka ga inda ruwan ya kai, ka rubuta, ka zubar. Santimita 1 daidai take da milimita 10. Idan cikin kwana biyu ko uku ka tara milimita 20 ko fiye, kuma hadari yana ci gaba da haɗuwa, lokaci ya yi.

Ko da awon ya cika, shawarata ita ce ka shuka rabin irinka, ka ɓoye rabi. Ruwan Mayu yakan yi wa mutum alkawari ya saɓa.

Aikin da ake yi ana jira

Mafi girmansa taki ne, kuma shi aka fi yi wa gaggawa. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona tsiro. Na awaki da na shanu ma gara su ruɓe tukuna. Haƙa rami a inuwa. Zuba sharar gida da busasshen ganye, ka bi da kashin dabbobi, ka barbaɗa toka kaɗan, ka yayyafa ruwa, ka sake jerawa haka har ramin ya cika. Rufe da tsohon buhu ko tabarma. Duk bayan mako biyu ka juya shi, in ya bushe ka ƙara ruwa. Za ka ji zafi in ka cusa hannu a ciki, alamar yana nuna ke nan. Bayan mako shida zuwa takwas zafin zai tafi, warin zai tafi, ya yi baƙi yana murmushewa. To ya zama abincin ƙasa. Wanda zai ɗebo takin juji, don Allah ya zauna ya tsince leda da fasasshiyar kwalba da tsohon batir. Abin da za ka shuka a wurin, cikin tukunyar iyalinka zai ƙare.

Sai gwajin iri. Irin da ya kwana biyu, ko wanda ƙwari suka huda, ba a gane shi da ido. Ƙirga ƙwaya 10, ka jera su a jiƙaƙƙen tsumma, ka naɗe, ka ajiye a gindin randa. Kada tsumman ya bushe. Bayan mako ɗaya ka buɗe ka ƙirga. In 8 ko fiye sun tsaga, irin yana da kyau. In 5 ko 6 ne, ƙara yawan ƙwaya a kowane rami. In bai kai haka ba, nemi wani tun kasuwa ba ta cika da masu nema ba.

Barkono da tattasai da attarugu da gauta ba a jira musu ruwan sama, reno ake yi musu. Gyara ɗan wuri kamar faɗin tabarmar salla, ka haɗa ƙasa da ruɓaɓɓen taki, ka yafa irin, ka rufe da ƙasa sama-sama. Yi masa rumfar ciyawa. Ba shi ruwa safe da yamma. Ruwan alwala da na wankin shinkafa sun isa, ban da ruwan sabulu. Barkono yakan yi mako biyar zuwa shida kafin ya isa dashe, saboda haka wanda ya yafa a ƙarshen Afrilu zai dasa a Yuni, daidai lokacin da ƙasa ta ƙoshi. Tumatir kam ban ba ka shawarar ka sa ƙarfinka a kansa da damina ba. Laima da cuta suna cin sa. Lokacinsa hunturu ne.

Kada ka manta da danga. Akuya ɗaya takan gama da aikin wata guda kafin a sauke tukunya.

Ranar shuka

Jiƙa irin kuɓewa ya kwana a ruwa. Sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, zurfin gaɓa ɗaya ta yatsa, tsakanin rami da rami taƙi biyu. In sun tsiro ka bar mai ƙarfi. Irin alayyafo ƙanana ne ƙwarai, gauraya shi da yashi kafin ka yafa don kada ya taru wuri ɗaya. Ƙasar Zariya takan yi ɓawo a sama in ruwa mai ƙarfi ya doke ta rana ta biyo baya, ƙaramin tsiro ya kasa fasowa. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai ba da kauri ba, ka ɗauke ta da zarar tsiro ya leƙo.

Karatu da rubutu

Dubi waɗannan kalmomi biyu da kyau: taki, taƙi. Ɗaya abincin ƙasa ne, ɗaya awon hannu. Lanƙwasar da take kan harafin ce ta raba su. Rubuta jimla ɗaya da kowace.

Lissafi

1. Ran Litinin gwangwani ya nuna milimita 8, Talata 5, Laraba 9. Nawa ke nan duka? Za ka yi shuka?

2. Ka naɗe ƙwaya 10 a tsumma, 6 suka tsaga. Nawa suka ƙi? Me za ka yi a ranar shuka?

3. Kana son dasa barkono ran 15 ga Yuni, renonsa kuma mako shida ne. Wace rana za ka yafa irin?

Aikin gida

Kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya kafa gwangwaninsa, ya ja layi biyu a bayan littafinsa: ɗaya na kwanan wata, ɗaya na milimita. A kuma zo da tsumman gwajin iri a naɗe, za mu buɗe mu ƙirga tare a aji.