Yadda Ake Soya Fiya Cikin 'Yan Mintuna

Yawanci ɗanye ake cin fiya, wato avokado, amma idan aka ɗan soya ta sama-sama takan zama abin ci mai ɗumi da ake ajiyewa a gefen babban abinci. Muhimmin abin lura shi ne kada ta daɗe a wuta, domin zafi mai tsawo yana sa ta yi ɗaci, kuma babu kayan ƙamshin da zai gyara wannan ɗacin.

A zaɓi wadda ta nuna amma ba ta yi lugub ba, wadda idan aka danna ta a tafin hannu za ta ɗan lotsa kaɗan kawai. Wadda ta yi laushi sosai dagargajewa take yi a kasko. A raba ta biyu a tsaye, a cire ƙwallon, a ɓare ɓawon, sannan a yanka ta da kauri kamar yatsa.

A ɗora kasko ya yi zafi sosai kafin a zuba mai cokali ɗaya, wanda ya isa tunda ita kanta fiya mai maiƙo ce. A jera yankakken a ciki ba tare da cunkoso ba, a bar su minti 2 ba a taɓa su ba har gefen ƙasa ya yi ja, sannan a juya da faffaɗan cokali a ƙara minti 1.

Da an sauke sai a barbaɗa gishiri da masoro, a matsa lemun tsami, wanda ke rage nauyin maiƙon kuma yake hana ta yin baƙi da wuri. A ci nan take, domin ba ta jure sake ɗumamawa.