Yadda za ka bi haƙƙinka idan ana amfani da manhajarka ba lasisi

Tun kafin manhajar ta fita kasuwa aikin yake farawa. Haƙƙin mallaka kam naka ne daga ranar da ka rubuta ta, yarjejeniyar kasuwanci ta ƙasa da ƙasa mai suna TRIPS ta 1994 ta sa ana kare manhajar kwamfuta kamar yadda ake kare rubutun adabi, amma fa takardar lasisin ce za ta tsaya maka ranar rigima. Ka rubuta a fili kwamfuta nawa aka yarda a saka ta, mutum nawa, har zuwa yaushe, sannan kar ka manta da sharaɗin da ya ba ka damar zuwa ka binciki kamfanin da ya saya, don da wannan sharaɗin ne manya irin su Microsoft da Oracle suke shiga su ƙirga kwafin da aka saka su gwada da wanda aka biya.

Sai makulli. Lambar sirrin da ake ba wanda ya saya ya buɗe manhajar da ita, ita kaɗai ba ta isa ba, ana yaɗa ta a intanet cikin kwana ɗaya, shi ya sa Microsoft ta kawo tsarin kunnawa a Windows XP a 2001 inda ake ɗaure lambar da ita kanta na'urar, Adobe kuma a 2013 ta koma biyan wata-wata. Amma don Allah kar ka matsa har wanda ya biya kuɗinsa ya rasa yadda zai yi aiki don kawai intanet ɗinsa ta ɗauke, wallahi abin nan yana min ciwo, mai gaskiya yana shan wahala shi kuwa mai kwafin sata yana aikinsa lafiya lau.

In ka ga an ɗora kwafin da aka fasa a wani shafi, ka ɗauki hoton shafin da adireshinsa da kwanan wata, ka tura wa masu shafin takardar neman a cire shi. Dokar DMCA ta Amurka ta 1998 ce ta shimfiɗa wannan hanyar, kuma Google da GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, duk suna karɓa. Za a sake ɗorawa, kai ma ka sake turawa.

Ni dai a ganina ɓata lokaci ne bin ɗalibi ɗaya da ya sauke kwafi. Kamfanin da yake cin riba da guminka a kwamfuta hamsin alhali lasisin biyar ya biya, shi ne abin bi. Ƙungiyar BSA ta kamfanonin manhaja da aka kafa a 1988 ma yawanci ta bakin ma'aikatan irin waɗannan kamfanonin masu amfani da manhaja ba lasisi take samun irin wannan labarin. Ka fara da wasiƙa cikin mutunci, ka nuna hujjarka, ka ba su wa'adi su sayi lasisin da ya rage su biya na baya, da yawa a nan ake sasantawa. In sun yi kunnen ƙashi sai lauya ya shigo. A Amurka diyyar da doka ta yanke tana iya kaiwa dala 150,000 kan kowace manhaja in da gangan aka yi, sai dai fa sai ka yi mata rajista a ofishin haƙƙin mallaka da wuri kafin ka iya neman wannan kuɗin.