Yadda za ku shirya wasan dandamali ko ba ku da makirufo da fitilu

Mutane da yawa in sun tashi haɗa dirama abu na farko da suke tambaya shi ne ina za mu samu makirufo, ina fitilu, wa zai zana mana bango. Toh gaskiya tambayar nan ta zo da wuri. Wasan kwaikwayo ya yi sama da shekara 2,000 ana yinsa kafin lantarki ya shigo, sai a 1881 ne gidan wasa na Savoy da ke Landan ya zama na farko da aka haska shi kaf da wutar lantarki, kuma dabarun da 'yan wasa suka gano a wancan dogon lokacin har gobe suna aiki, ba sa cin ko sisi.

Ku fara da wurin. Girkawa a gefen tudu suke gina nasu, kujeru su zagayo kamar rabin da'ira suna hawa sama. Na Epidaurus da aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa yana ɗaukar mutum wajen 14,000 kuma na can layin ƙarshe yana jin ɗan wasa. Ku kwaikwayi tsarin, kar ku jera 'yan kallo a dogon layi kamar aji, ku lanƙwaso su su zagayo ku, sannan ku samu bango a bayanku don shi ne zai dinga turo muryar gaba. Mutum ɗaya ya tsaya a tsakiya yana magana, wani ya je ƙarshe ya saurara, in bai ji ba a matso da kujeru.

Maganar haske kuma mai sauƙi ce, ku yi da rana. Gidan wasa na Globe da aka gina a Landan a 1599 tsakiyarsa ba rufi, da rana ake wasa, in labari ya kai dare sai ɗan wasa ya shigo riƙe da fitila ko ya faɗa da bakinsa cewa duhu ya yi, shikenan mai kallo ya yarda. Kawai ku tabbata rana tana bayan 'yan kallo, ta haska fuskokinku.

Ƙarancin mutane ma ba hujja ba ne. Tespis, wanda ake ɗauka shi ne ɗan wasa na farko, a Atina wajen shekara ta 534 kafin haihuwar Annabi Isa, shi kaɗai ne yake amsa wa rukunin mawaƙa, daga baya aka ƙara na biyu, aka ƙara na uku, kuma a nan aka tsaya a wasanninsu na ban tausayi. Mutum uku su fito a matsayin sarki da manzo da tsohuwa da kowa ma, abin rufe fuska kawai suke canzawa. Ku ba dole sai kun rufe fuska ba, kowane rol ku ba shi alama ɗaya da ake hangowa daga nesa, sanda ko hula ko mayafi, amma dan Allah a canza tafiya da murya, don in kaya kaɗai aka sauya mai kallo zai rikice. A sikirif ɗin ma a bar tazara, kar mutum ya fita a matsayin wani a ce nan take ya dawo a matsayin wani.

Wanda ni na fi so shi ne na Italiya a ƙarni na 16, commedia dell'arte. Su ba sa rubuta duk maganar, takarda ce ake mannawa a bayan dandamali mai ɗauke da ƙashin labarin, wane zai shiga, me yake nema, ya sin ɗin (wato fitowar) zai ƙare, sauran kuma daga ka ɗan wasa zai kawo. Abin da ya sa yake yi musu kyau shi ne kowa rol ɗaya yake riƙewa shekara da shekaru, wannan shi ne Pantalone tsohon ɗan kasuwa marowaci, wancan Arlecchino bara mai yunwa kullum, har ya san abin da mutumin zai ce a kowane hali. In mutanenku hadda tana ba su wahala wannan hanyar za ta cece ku, sai dai fa kar a ɗauka lalaci ne, rihaza ɗinta ta fi yawa. Ku maimaita sin ɗin har maganar ta zauna da kanta, kuma jimlar ƙarshe ta kowane sin a rubuta ta a haddace, don ita ce mai shigowa yake jira, in ba haka ba za ku ga an yi ta surutu an rasa mai rufewa.

Shigowa ma ku ba ta haƙƙinta. A Japan wasan Noh yana da gada da ɗan wasa yake takowa a hankali kafin ya iso dandamali, Kabuki kuma hanyarsa ta tsakiyar 'yan kallo take ratsawa. Ku bar 'yar hanya tsakanin kujeru, babban mutum a labarin ya shigo ta nan, tun kan ya buɗe baki an san ko waye.

Murya daga ciki ake tasowa da ita da numfashi, ihu da maƙogaro minti kaɗan zai dusashe ka. A fitar da ƙarshen kalma sosai, kar a juya wa 'yan kallo baya ana magana, in an yi dariya a jira ta lafa kafin a ci gaba. A ajiye mutum ɗaya a gefe da sikirif yana raɗa wa wanda ya manta.

Rihaza ta ƙarshe a yi ta a ainihin wurin, da kayan da za a saka, a daidai lokacin da za a yi wasan don a ga inda rana take faɗuwa. Kuma kar ku kawo wuta ta gaske. Globe ɗin nan a 1613 igwa aka harba ana tsaka da wasa, rufin ciyawa ya kama, ginin ya ƙone ƙurmus. In labarinku yana buƙatar ƙarar bindiga, a buga katako biyu a bayan dandamali ya wadatar.