Yadda za ka zaɓo amfilifaya wa sifika electrostatic

'Yan uwa na Jidda masu sha'awar sifika electrostatic ta kamfanin MartinLogan ko Quad, don Allah kar yawan wat ɗin amfilifaya ya ruɗe ku. Sifikar nan siririn leda ce tsakanin faranti biyu masu huji, in sauti ya yi tsini sosai sai om ɗinta (ma'aunin turjiyarta ga lantarki) ya faɗo wajen 1, ta ja lantarki da yawa, ƙaramin amfilifaya nan take zai ɗau zafi ko ya kashe kansa. To juya bayansa ko takardarsa ka duba, yana jure om 2? Wat ɗin yana kusan ninkuwa daga om 8 zuwa 4? Shi za ka ɗauka. Amma tsohuwar Quad ESL-57 a lallaɓa ta, ƙarfi ya yi yawa tartsatsi zai huda ledar. Kuma damshin tekun nan yana rage mata murya, a ajiye ta ɗaki mai esi.