Yadda Ake Amfani da Ra'o'in Sadarwa Wajen Shirya Bidiyon Waƙa

Bidiyon waƙa da yawa tun kafin a kunna kyamara suke lalacewa. An ari mota, an kama otal, an ɗinka wa mawaƙi sabuwar shadda, amma babu wanda ya zauna ya tambayi abin da hoton zai faɗa a kan waƙar. Ra'o'in da masana sadarwa suka shimfiɗa tambayoyi ne da darakta zai yi wa kansa, kuma kowace tambaya tana da gurbinta a cikin aikin.

Mataki na farko: feɗe waƙar a takarda

Saurari waƙar aƙalla sau biyar, ka raba ta gida-gida: mabuɗi, baitoci, amshi, da wuraren da kiɗa ke tafiya shi kaɗai. Rubuta sakan ɗin da kowane gida ya fara da inda ya tsaya.

A nan ra'in Andrew Goodwin, mai nazarin bidiyon waƙa, na 1992 yake shigowa. Ya nuna cewa hoto yana hulɗa da kalmomin waƙa ta hanya uku: ko ya kwatanta su, ko ya faɗaɗa ma'anarsu, ko ya saɓa musu. Ɗauki baitin da ya ce "na jira ki har rana ta faɗi". Kwatantawa ita ce a nuna saurayi tsaye a ƙofar gida da almuru. Faɗaɗawa ita ce a nuna kofin shayi biyu a kan tabarma, ɗaya an shanye, ɗayan ya huce ba a ko kurɓa ba. Saɓawa kuwa, a nuna shi a majalisa yana shewa da abokai, wayarsa tana ta haske da kiranta bai ɗaga ba. Nan take mai kallo ya gane ƙarya yake rerawa.

Gefen kowane baiti ka rubuta wadda ka zaɓa. Faɗaɗawa ta fi cancantar wahalarka, domin kunne ya riga ya ji maganar, ido kuma ƙari yake nema. Idan ka kwatanta kowane layi, bidiyon zai zama maimaici. Saɓawa tana da kaifi, amma sau ɗaya ko biyu ta isa, in ta yi yawa labarin ya watse.

Mataki na biyu: tantance duk abin da zai shiga hoto

Roland Barthes, masanin Faransa, ya bambanta ma'anar zahiri da ma'anar da al'ada ta ɗora wa abu. Rawani a zahiri ƙyalle ne, amma Bahaushe na ganinsa zai tuna sarauta ko malanta. Lalle a hannu yana kiran biki. Marinar Ƙofar Mata tana maganar sana'ar gado da tsohuwar Kano. Jera kayan sawa, lokeshan da kayan hannu, ka rubuta abin da kowanne ke nufi. Wanda ka rasa dalilinsa, cire shi. Waƙar talaka mai neman na tuwo ba ta zama a bakin wurin ninƙaya na otal don kawai an samu wurin kyauta.

Mataki na uku: da idon wa ake kallo?

Goodwin ya lura cewa masu tallata mawaƙi suna son a yawaita nuna fuskarsa daga kusa, don da ita ake gane shi. Saboda haka ka ware wa amshi ɗauka ta kusa, daga ƙirji zuwa sama, kuma ka ba mawaƙin wata alama da zai riƙa dawowa da ita, ko karin hula ko motsin hannu.

Laura Mulvey kuma a 1975 ta yi bayanin yadda kyamara kan mayar da mace abin kallo, namiji kuma mai yin aiki a labari. Gwajin mai sauƙi ne: duba jerin ɗaukarka, ka ƙirga sau nawa macen take yin wani abu da ya ciyar da labarin gaba, sau nawa kuma aka tsayar da ita don ado. Ajiye kyamara daidai tsayin idonta, ka ba ta abin yi da abin da take kallo.

Mataki na huɗu: ranar ɗauka

Ɗauki mawaƙin yana rera waƙar daga farko har ƙarshe aƙalla sau uku: daga nesa, tsaka-tsaki, da kusa. Su ne za su rufe duk giɓin da labari ya bari. Ya rera da murya sosai. Mai motsa leɓe kawai jijiyar wuyansa ba ta tashi, kuma ana ganewa.

Sifika ta kasance kusa da shi. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, don haka tazarar mita 14 tana jinkirta bakinsa da firam guda, wato hoto ɗaya cikin hotuna 25 da kyamara ke ɗauka a sakan. Saka ƙara huɗu kafin waƙar ta fara, su ne mai tacewa zai daidaita da su.

Wutar Najeriya da Nijar 50Hz ce. Ɗauki firam 25 a sakan, shota (tsawon lokacin da kyamara ke buɗe wa haske) a 1/50 na sakan, in ba haka ba fitilu za su riƙa ƙyaftawa a hoto. Idan da janareto ake aiki, gwada sakan goma ka duba tukuna, don ƙarfinsa yana hawa da sauka. Farar shadda kuma tana yaudarar kyamara: ta rage haske saboda ƙyallin rigar, fuska ta dushe. Kulle hasken a kan fuska, ka mayar mata da haske da farin allo, ka fita da hantsi ko bayan la'asar. Rana tsaka tana zuba inuwar hula a kan idanu.

In kana son tafiyar hawainiya baki kuma ya dace da waƙa, ɗauki firam 50, ka kunna waƙar da gudu ninki biyu. Sai mawaƙi ya yi atisaye tun a gida.

Mataki na biyar: tacewa

Carol Vernallis ta nuna a 2004 cewa a bidiyon waƙa kiɗa ne ke jan hoto, shi ya sa ake iya tsallaka wuri da lokaci ba tare da mai kallo ya ruɗe ba. Yi lissafi: waƙa mai bugu 100 a minti, kowane bugu sakan 0.6 ne, wato firam 15; bugu huɗu firam 60. Sa alama a kan bugun, ka yanka a kai. Amma kada ka yanka bayan kowane bugu huɗu tun daga farko har ƙarshe, ido zai haddace ya gaji. Tsawaita ɗauka a baiti, ka gajarta a amshi, wani lokaci ka bi shigowar kalangu ko jan numfashin mawaƙi.

Tuna gwajin Lev Kuleshov, mai shirya fim na Rasha: fuska ɗaya ce, da aka haɗa ta da kwanon miya aka ga yunwa, da aka haɗa ta da akwatin gawa aka ga baƙin ciki. Fuskar mawaƙinka tana karɓar ma'ana daga hoton da ka liƙa mata. Sauya makwabcin hoto kafin ka ce a koma lokeshan.

Idan za a yanko na TikTok, ajiye mawaƙi a tsakiya tun wajen ɗauka. Daga faɗin ɗigo (pixel) 1920 na hoton kwance, kimanin 608 kaɗai ke saura a hoton tsaye.

Mataki na shida: gwada a idon wasu

Stuart Hall ya bayyana a 1973 cewa mai kallo yana iya karɓar saƙo yadda aka nufa, ko ya karɓi wani ɓangare ya gyara wani, ko ya juya masa baya gaba ɗaya. Tara mutum biyar ko shida da ba su cikin aikin, maza da mata, har da dattijo. Kashe sauti, su kalla, kowa ya faɗi labarin da ya gani. Sannan ka kunna da sauti ka tambayi inda ya sosa musu rai da inda ya ɓata musu. Rawar da ka ɗauka nishaɗi ce wata uwa za ta iya ganinta rashin kunya, kuma a Kano akwai hukumar tace fina-finai tun 2001 da aikin zai bi ta hannunta. Duk wurin da mutum uku suka fahimci abin da ba ka nufa ba, koma kan takardar matakin farko, ka nemo baitin, ka sauya hoton da ke kansa.