Yadda ake gane halin kaifin ji da yadda ake zama da shi

Akwai mutanen da hayaniyar taro, hasken fitila mai ƙarfi, ko ma ƙaiƙayin ɗinkin wuyan riga ke gajiyar da su fiye da kowa. Wannan hali ne ake kira kaifin ji, kuma ba jin kunne kaɗai ake nufi ba. Dakta Elaine Aron, masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, ta fara nazarinsu a 1991, kuma a 1997 ita da mijinta Arthur Aron suka fitar da ma'auni mai tambayoyi 27. A ƙiyasinta, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na mutane haka aka halicce su, kuma ba a lissafa halin cikin cututtukan ƙwaƙwalwa.

Fara da duba alamomi huɗu, kuma sai sun haɗu duka. Kana juya magana a rai ka daɗe kafin ka yanke shawara. Abubuwa na saurin yi maka yawa. Murna da baƙin ciki, naka da na wasu, suna shigarka sosai. Sannan kana lura da abin da ya wuce wa mutane, kamar canjin muryar mai magana ko ɗan ƙauri daga kicin. A gwajin da Aron ta sauƙaƙa, amsa "e" ga fiye da tambayoyi 14 cikin 27 ɗin yana nuna alama, amma ba hukuncin likita ba ne. Kada a haɗa shi da kunya. Aron ta ce kusan kashi 30 cikin ɗari na masu halin suna son shiga jama'a.

Daga nan ka yi mako biyu kana rubuta lokacin da ka ji kanka ya cika: ƙarfe nawa, a ina, ka ci abinci ko ba ka ci ba, awa nawa ka yi barci. Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, alhali shi ke nuna ainihin abin da ke kayar da kai. Sau da yawa yunwa ce da kofi ko shayi mai kauri suka haɗu da surutu.

Gajiyar taruwa take yi. Saboda haka ka huta tun kafin ka kai maƙura: minti 15 a ɗaki shiru bayan kasuwa ko taro, waya a kife. Kallon waya ba hutu ba ne, ƙarin lodi ne ga ƙwaƙwalwa. In za ka biki, ka tsayar da lokacin tashi tun daga gida, ka zauna nesa da lasifika, kada ka jera hidima biyu a yini ɗaya.

Inda aka fi ɓata lamarin shi ne janyewa gaba ɗaya. Wanda ya daina zuwa ko'ina, tsoron taro ƙaruwa yake yi. Rage tsawon zaman, kada ka yanke zumunci.

In kuwa abin sabo ne, ko ya zo da rashin barci, faɗuwar gaba da fitar da rai daga komai har mako biyu, je ka ga likita, domin ciwon damuwa na iya ɓuya a bayan wannan hali.