Inji ana sayen wani, aikin ciki fa? Kurakuran da muka fi yi da kwamfuta a Damagaram

Na daɗe ina gyaran kwamfuta a garin nan, kuma har yau ban ga wanda ya zubar da hawaye don injinsa ya mutu ba. Duk wanda na ga ya yi kuka a shagona, abin da ke cikin injin ya yi wa. Akwai wata ɗalibar jami'a da memwar ɗinta ta ƙarshen karatu ta salwanta ana saura ƴan kwanaki ta kare ta gaban malamai. Akwai wani Alhaji mai sayar da kayan masarufi, wanda sunayen duk masu bashinsa ke cikin kwamfutar da ta ƙi tashi wata safiya. Ya ce mini: "Malam, ko nawa ne zan biya, ka fiddo mini takardun nan." Na ce: "Alhaji, ba maganar kuɗi ba ce." Ranar ban iya yi masa komai ba, kuma abin bai bar raina ba. Shi ya sa zan fara da maganar ajiya, in kuma daɗe a kanta.

Inda muke tsammanin mun ajiye, alhali ba mu ajiye ba

Kuskuren da na fi gani shi ne na ɓangaren D, ɗaya daga cikin wuraren ajiya da kwamfuta ke nunawa da haruffa. Mutum zai ce maka hankalinsa kwance yake, ai ya kwashe takardunsa daga C ya zuba a D. A yawancin injunan da ke hannunmu, C da D faifai ɗaya ne aka raba biyu, kamar ɗaki guda da aka ja wa labule a tsakiya. In Windows ya lalace aka sake zuba shi, gaskiya ne D na iya tsira. Amma in faifan ne ya mutu, ko aka sace injin, ko ya faɗo daga bayan kabu-kabu, C da D tare suke tafiya. Rufin ɗakin ne ya rufta, labule ba zai ceci kowa ba.

Na biyunsa, ɗaukar kile, wato ƴar ma'ajiyar USB da ake sakawa a jikin kwamfuta, a matsayin rumbu. Kile ɗan aike ne, aikinsa ya kai takarda wurin bugawa ya dawo. Yana ɓata, yana shiga wanki cikin aljihu, yana mutuwa ba sallama. Wani ma bai tsaya nan ba: a kan kilen yake buɗe takardarsa yana aiki, babu kwafinta a ko'ina. Ga kuma na jabu da suka cika kasuwa. Za ka ga an rubuta 64 GB ko 128 GB a jiki, kwamfuta ma ta nuna haka, alhali cikinsa bai kai rabin rabin wannan ba. Zai yi ta karɓar kaya yana nuna maka sunayensu, sai ranar da ka zo buɗewa ka tarar da wofi. Akwai ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna H2testw, tana cika kilen da rubutu ta sake karantawa, ta faɗa maka ainihin girmansa. A gwada sabon kile da ita kafin a ba shi amana.

Gyaran duka wannan ƙa'ida ce da masu sana'ar ke kira 3-2-1: kwafi 3 na duk abin da ba ka son rasawa, a kan ma'ajiya iri 2, guda 1 kuma a wani wuri dabam, ba ƙarƙashin rufin da injin yake ba. Manomi ya san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta, ba ya zuba irin shuka a inda ake ɗibar na tuwo. A aikace, kwafi ɗaya a kwamfutarka, ɗaya a faifan waje da kake jonawa sau ɗaya a mako ka cire, ɗaya a intanet. Na ce ka cire, domin faifan da ke jone dare da rana, duk abin da ya sami injin, wutar da ta yi tsalle ce ko birus mai kulle takardu, shi ma zai same shi. Kada kuma ka sa faifan a jaka ɗaya da kwamfutar. Ɓarawo jakar yake ɗauka.

Na san abin da za a ce: intanet da tsada, ga shi wani lokaci yana jan ƙafa. Haka ne. Amma ba fina-finai na ce ka ɗora ba. Memwar mai shafi ɗari, in ba hotuna ne suka cika ta ba, sau da yawa ba ta kai nauyin ɗan gajeren bidiyon da ake turo maka a WhatsApp ba. Google na ba kowane asusu 15 GB kyauta, wanda Gmail da Drive da hotuna ke rabawa tsakaninsu, kuma tun 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma daga ciki take ci. In ma Drive ya yi maka wuya, ka aika wa kanka takardar ta imel duk daren da ka yi aiki a kanta, ka sa kwanan wata a sunanta. Da ɗalibar nan ta yi haka, da aikin yini ɗaya kawai ta rasa.

Akwai wani rami a nan da ya kamata in nuna. Mutane da yawa mai shagon waya ne ya buɗe musu Gmail ranar da suka sayi wayar. Ba su san adireshin ba, balle kalmar sirri, lambar da aka haɗa da asusun kuma wataƙila layin ya daɗe da mutuwa. Ajiyar da ba ka da makullinta ba taka ba ce. Yau ɗin nan ka duba adireshinka, ka canza kalmar sirrin, ka tabbata lambar da ke ciki ita ce wadda ke hannunka, ka rubuta a takarda ka adana inda kake adana takardar haihuwa. Sannan lokaci-lokaci ka buɗe ajiyar, ka ɗauko fayil ɗaya ka gani ko yana buɗuwa. Na taɓa zuwa wani ofis inda suka shekara suna "ajiya" kowace Juma'a, ashe gajerun hanyoyin da ke kan allo suke kwafa, wato alamomin da ke nuna inda fayil yake kawai, takardun kansu ba su taɓa barin injin ba.

Bayan abu ya riga ya faru

Nan ne gaggawa ke ƙarasa abin da ƙaddara ta rage. In ka goge fayil bisa kuskure, a faifai irin na da mai juyawa ba nan take yake tafiya ba, wurinsa kawai ake shelar cewa babu kowa. Duk abin da ka zuba bayan nan yana iya hawa kansa. Don haka a daina amfani da faifan nan take, kuma kada a zuba manhajar ceto irin Recuva ko PhotoRec a kan faifan da ake son cetowa. A faifan SSD kuwa, sabon irin nan da ba ya juyawa, damar ta fi ƙanƙanta, domin shi yakan share wurin da kansa ba da jimawa ba.

In ka jona kile ko faifai kwamfuta ta ce sai an yi masa formate, ka ce a'a. In faifai ya fara ƙara, ƙwas-ƙwas, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa, a kashe injin. Kowace kunnawa ƙara raunin take yi. Ga ƴan'uwana masu gyara kuma, ina roƙonmu: kada mu sake zuba wa kowa Windows sai mun zaunar da shi mun tambaye shi abin da ke ciki. Yawancin masu kawo mana inji ba su san "formate" na nufin sharewa ba, sun ɗauka wanki ne.

Wanda ya fi tayar da hankali a banza shi ne birus ɗin da ake kwasowa a wuraren buga takardu, mai mayar da dosiye gajeriyar hanya. Mutum ya ga kayansa sun ɓace sai ya share kilen gaba ɗaya, alhali suna nan, ɓoye su aka yi. Kada ka danna gajerun hanyoyin, danna su ne ke tayar da birus ɗin. A bincike kilen da maganin birus tukuna, sannan a buɗe cmd, baƙar tagar nan ta Windows da ake rubuta umarni a ciki, a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* tare da sauya E da harafin kilenka. Kayan za su fito. Hanyar da ta fi sauƙi ma, ka mayar da takardarka PDF ka tura wa mai bugawa ta waya, kile bai shiga injin kowa ba.

Wuta, zafi da ƙura

Duk wanda ya zauna a Damagaram daga watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har zuwa Maris na 2024 da aka maido ta, ya san abin da ɗauke-ɗauke da dogaro da gurup ke yi wa kayan lantarki. Ɗaukewar ba ta kai dawowar haɗari ba. In wuta ta tafi a zare wayar wutar injin daga bango, in ta dawo a ɗan jira ta zauna.

Ana yawan rikita regilater da onduler. Regilater daidaita wuta yake yi in ta yi ƙasa ko sama da 220, ba ya riƙe komai in ta ɗauke. Onduler ne mai batir, shi ma ƴan mintuna yake ba ka don ka adana aikinka ka kashe injin cikin ladabi. Ba a yi shi don a ci gaba da aiki har ya ƙare ba, kuma ba a jona masa injin bugawa na leza, domin yana jan wuta fiye da ƙarfinsa. Batirin da ke cikinsa zafi ne babban makashinsa, a irin yanayinmu ba ya daɗewa. A gwada shi: a zare shi daga bango da rana tsaka a ga ko zai riƙe.

A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ɗora kwamfutar hannu a kan katifa ko darduma toshe mata hanci ne, tunda ta ƙasa take shaƙar iska. A sa ta a kan tebur ko faranti, a ɗan ɗaga bayanta. Hunturu kuma ya zo ya cika fankar da ƙura har ta zama kamar auduga. Sau ɗaya a shekara, bayan hazo ya wuce, a kai a buɗe a share. In ka ga wurin linzami ya kumburo ko murfin ƙasa ya ɗaga, batir ne ya kumbura, a cire shi ranar, kada a huda shi. In kuma agogon injin na komawa wata tsohuwar shekara, shafukan intanet suna ƙin buɗuwa, ɗan batirin nan ne mai kama da kwabo, CR2032, ba birus ba.

Tsohon Windows, da sayen inji

Har yanzu ina shiga ofisoshi ina tarar da Windows 7, wanda Microsoft ya daina yi wa gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020. Windows 10 ma wa'adinsa na yau da kullum ya cika ran 14 ga Oktoba 2025. Wasu kuma da kansu suke kashe sabuntawa don kada ta ci musu intanet. A watan Mayu na 2017 birus mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, ba a dai zuba shi ba ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ra'ayina a nan ba kowa ke so ba. Injin da ba zai ɗauki Windows 11 ba, in aikinsa rubutu ne da lissafi da intanet, gara a zuba masa Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice a madadin Office, da a bar shi da tsohon Windows da Office na sata. Akwai shi da Faransanci, kyauta ne, birus ɗin kile kuma ba ya tasiri a kansa. Sai dai duk mai wata manhajar lissafi ko injin bugawa da ba ya aiki sai da Windows, ya gwada kafin ya ƙaura. Maganin birus kuma guda ɗaya ya isa. Defender da ke zuwa cikin Windows, in ana sabunta shi, ya fi wanda aka fasa aka zuba a shago.

Wajen saye, kada tambarin Core i7, sunan ƙwaƙwalwar injin, ya ruɗe ka. A duba lambar da ke bayansa. A i5-8250U, takwas ɗin farko na nufin zubi na takwas, kuma daga nan ne galibi Windows 11 ke farawa. Shi i7 mai lamba dubu biyu da wani abu ɗan 2011 ne, ƙaramin i5 ɗin nan ya fi shi. Tsohon inji mai nauyin jiki kuwa, a sa masa SSD a kai RAM ɗinsa, wato inda yake riƙe aikin da ake kan yi, 8 GB, sau da yawa sai ka rantse sabo ne. A kuma dubi allon rubutu: na Kano yawanci QWERTY ne, tsarin haruffa na Ingilishi, mai buga Faransanci kullum zai sha wahalar neman é da ç, gara ya nemi AZERTY, tsarin Faransanci, tun a kasuwa.

Ga shugabannin ofisoshi, makarantu da ƙungiyoyi, tambaya ɗaya nake yi musu duk inda na shiga: ban da yaron nan da ke kula muku da injuna, wa ya san kalmar sirrin imel ɗin ofis, da ta akwatin wifi, da inda faifan ajiya yake? Galibi sai a yi shiru. A rubuta su a takarda, a sa a ambulan, a kulle a durowar shugaba, a sabunta duk ranar da aka canza ɗaya. Ranar da aka yi wa yaron canjin wurin aiki zuwa Tanut ko Magariya, a karɓi makullan kafin ya hau mota.